Limfet: Katantanwar da ke kiwo a kan duwatsun bakin teku

A gaɓar Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, idan teku ya janye da hantsi yakan bar shimfiɗar duwatsu a fili suna sheƙi da danshi. Duk wanda ya sunkuya ya duba da kyau zai ga waɗansu ƙananan abubuwa masu tsini birjik a jikin duwatsun, kowanne kamar an kifa 'yar malafa, ko kuwa jinkar rumbu da aka ƙanƙantar har ta koma faɗin murfin kwalba ko ta ɗan ɗara haka. Ba sa motsi, ba su da wata alamar rai. Amma idan mutum ya sa yatsa ya ɗan ture ɗaya, zai ji ta yi wani ɗan motsi, nan take kuma ta ƙanƙame dutsen. Daga nan ko ya tattaro duk ƙarfin hannunsa ba zai iya ɓamɓare ta ba.

Wannan halitta ita ce Turawan Ingila ke kira limfet. 'Yar uwar dodon koɗi ce da muke gani da damina, sai dai ƙoƙon bayanta bai nannaɗe ba, a buɗe yake ta ƙasa kamar murfi. Masana sun raɗa wa nau'in da ya fi yawa a yammacin Turai suna Patella vulgata, kalmar farko kuwa a harshen Latin tana nufin ƙaramin kwano. Ana samun sa daga Norwe har zuwa Fotugal, kuma babba a cikinsu ba ta cika wuce santimita 6 ba. Danginta sun bazu a kusan duk inda teku ya haɗu da dutse a duniya.

Wanda ya gan ta a kife zai ɗauka ba ta tsinana komai sai zama. Alhali kuwa ita ce ke yanke hukuncin abin da zai tsiro da wanda ba zai tsiro ba a kan waɗannan duwatsu. Birtaniya ta ga zahirin haka a shekarar 1967, lokacin da ta hallaka su da hannunta a garin gyara, ta kuma shafe fiye da shekara goma tana jiran gaɓarta ta koma yadda take. Kafin mu kai ga wannan labari, ya kamata mu fara sanin irin wurin da take zaune da yadda take jure masa.

Tsakanin ruwa da tudu

Wanda ya saba da kogi ko tafki ya san ruwa yana cika da damina ne, ya ja baya da rani. Teku kuwa, a yawancin gaɓoɓin duniya, sau biyu yake cikowa sau biyu yake janyewa a kowace rana. Ƙarfin jan da wata ke yi wa ruwan duniya, tare da na rana, shi ne sanadin haka. Tsakanin wata cikowa da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25, don haka lokacin yakan jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. A farkon watan sama da kuma tsakiyarsa cikowar takan fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. A Legas tazarar da ke tsakanin cikar teku da janyewarsa ba ta wuce kamar mita ɗaya ba, amma a mashigin Bristol da ke Birtaniya takan haura mita 12.

Wannan yanki na gaɓa da ruwa ke rufewa yana buɗewa shi ne mazaunin limfet, kuma da wuya a sami wurin zama mai wahalarsa. Na 'yan awoyi tana ƙarƙashin ruwa mai sanyi, igiyoyi na dukanta da ƙarfin da kan mirgina manyan duwatsu. Jim kaɗan kuma ga ta a fili, rana na gasa ta, iska na busar da ita. Da hunturu sanyi kan kai ga daskarar da ruwa a kan dutsen. Ko ruwan sama ma barazana ne ga halittar da jikinta ya ginu a kan ruwan gishiri. Idan teku ya janye tsuntsaye su sauko, idan ya ciko ƙaguwa da kifi su taso. Kifi yana iya bin ruwa ya gudu, tsuntsu yana iya tashi. Ita kuwa tazarar taku ɗaya na ɗan Adam doguwar tafiya ce a wurinta, saboda haka dole ta fuskanci komai a inda take.

Ƙafa ɗaya tak

Idan aka yi sa'ar cire limfet aka juya ta, abin da za a fara gani shi ne wata faffaɗar tsoka da ta kusa cike bakin ƙoƙon. Ita ce ƙafarta. A gaba akwai ɗan kai mai ƙahonni biyu masu laushi da baki a ƙarƙashinsa. A kewayen ƙafar kuma akwai jerin siraran yankunan nama da take numfashi da su a cikin ruwa, irin na kifi. Wata tsoka mai ƙarfi mai siffar harafin U ita ta haɗa ƙafar da ƙoƙon, kuma ita ke janyo shi ƙasa ya danne dutsen idan an taɓa ta.

Hanya biyu take bi wajen mannewa. Ta farko irin ta ƙahon wanzami ce: ta ɗan ɗaga tsakiyar ƙafar alhali gefenta na manne, sai ya zama tana zuƙar dutsen. Ta biyu kuwa wani yauƙi ne da ƙafar ke fitarwa, wanda kan koma gam idan ta zauna, ya kuma saki ya zama santsi idan za ta yi tafiya. Binciken 'yan shekarun nan ya nuna cewa a wurin limfet ta Turai wannan gam ɗin ne ya fi ɗaukar nauyin aikin. A jiƙe yake kamawa, a kan dutse mai kaushi, cikin ruwan gishiri, inda yawancin gam ɗin da ake sayarwa a kasuwa ba ya ci.

Masu cirar ta don abinci sun san ƙa'idar tun kaka da kakanni: bugu ɗaya ake yi mata daga gefe, da wuƙa ko dutse, kafin ta ankara. Wanda ya kuskure na farko, to ya nemi wata. Saboda wannan naci ne Turawan Ingila ke kwatanta mutumin da ya liƙe wa wani da ita, haka kuma a Yaƙin Duniya na Biyu suka sa sunanta ga wani bam da ake manna wa jikin jirgin ruwa da maganaɗisu.

Siffar ƙoƙon ma kariya ce. Faɗinsa ta ƙasa da gangarensa suna sa igiyar ruwa ta bi ta kansa ta wuce ba tare da ta sami inda za ta kama ba. Idan mutum ya bi gaɓar daga bakin ruwa zuwa sama, zai lura cewa na ƙasa, waɗanda ruwa ya fi daɗewa a kansu, ƙoƙunansu sun fi faɗi da kwanciya, na sama kuwa sun fi tsini da tsayi. Dalili shi ne na sama sun fi daɗewa a ƙanƙame, kuma yawan ƙanƙamewar na janyo naman da ke gina gefen ƙoƙon zuwa ciki, sai ginin ya tafi sama maimakon gefe. Wannan kuma ya zame musu alheri, domin dogon ƙoƙo mai ƙaramin baki ya fi riƙe ruwa. Limfet ta saman gaɓa kan iya rasa kusan rabin ruwan jikinta ta kuma farfaɗo idan teku ya dawo.

Kowa da makwancinsa

Zaman da ake ganin ta yi da rana hutu ne kawai. Idan ruwa ya rufe dutsen, ko kuwa da dare in akwai danshi, sai ta ɗaga ƙoƙonta ta fita kiwo. Ba ta yin nisa, yawanci mita ɗaya ko ƙasa da haka. Kafin dutsen ya bushe kuma za ta juyo ta koma daidai inda ta tashi, ta jujjuya jikinta har sai ta fuskanci inda ta saba fuskanta.

Akwai dalilin wannan komawa. Wurin da take kwana yana da tabo, wani zagaye da ya yi daidai da bakin ƙoƙonta kamar tukunya da murfinta. Idan dutsen mai laushi ne, ita ke goga shi da gefen ƙoƙon har ya yi gurbi. Idan mai tauri ne, ƙoƙon ne ke girma yana bin tudu da kwarin dutsen. Ko ta wace hanya, idan ta zauna a gurbinta ta danna, ba a samun kafar da ruwa zai tsere ko iska ta shiga, kuma ɗan ruwan da ta tare a ciki da shi za ta yi ta numfashi har teku ya dawo. Wadda ruwa ya janye ya bar ta a wani wuri dabam, inda bakin ƙoƙonta bai zauna daram ba, tana cikin haɗarin bushewa, tsuntsu kuma zai sami inda zai cusa baki. A wurinta, kowa ya bar gida gida ya bar shi magana ce ta rai da mutuwa.

Wajen gane hanya tana amfani da sawun yauƙin da ta bari a kan dutsen, wanda ke ɗauke da sinadaran da take iya shaidawa. Masu bincike sun kuma ga lokutan da ta dawo ta wata hanya dabam da wadda ta bi da fita, abin da ke nuna ta san yanayin ɗan filin da ke kewaye da ita. Wata kan yi shekara da shekaru a gurbi ɗaya, bayan ta mutu kuma tabon ya daɗe a jikin dutsen kamar kufai.

Haƙoran ƙarfe

Abincinta shi ne siririyar gansakukar da ke lulluɓe dutsen, wadda sau da yawa ido ba ya ganinta, har da 'ya'yan ciyawar teku da suka fara kamawa. Kankaro irin wannan abinci daga jikin dutse na buƙatar kayan aiki na musamman. Tana da wani dogon harshe siriri, wanda ya fi ƙoƙon kansa tsawo, a naɗe cikin jikinta. An jera masa haƙora sahu-sahu, fiye da sahu 100, kamar magagarin maƙeri. Sahun gaba kaɗan ne ke aiki. Cikin kwana ɗaya ko biyu sukan dakushe su zube, na baya su matso su maye gurbinsu, yayin da ake ƙera sababbi a can ƙarshen harshen. Wanda ya tsaya shiru a gaɓa da dare yana iya jin ƙarar kankarar da suke yi. A kudu maso gabashin Ingila, inda duwatsun gaɓa na alli ne, har dutsen suke haɗawa su haɗiye, kuma suna cikin abubuwan da ke zaizaye shi.

A shekarar 2015 wani ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Asa Barber na Jami'ar Portsmouth ya yanki wani ɗan sashe na haƙorin, wanda ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, ya ja shi har ya tsinke don auna ƙarfinsa. Sakamakon ya nuna cewa ya zarce zaren gizo-gizo, wanda a da ake ɗauka shi ne abu mafi ƙarfi da wata halitta ke samarwa. An kwatanta ƙarfin da a ce silin taliya ɗaya ya ɗauki ƙullin sukari 3,000 masu nauyin rabin kilo kowanne. A lissafin kasuwa, buhu 30 ke nan na kilo 50.

Sirrin yana cikin ginin haƙorin. Siraran zaruruwa ne na wani ma'adinin ƙarfe ɗan uwan tsatsa, da ake kira gotayit, a cushe cikin wani abu mai ɗan laushi irin na fatar ƙwari, kamar yadda maginin gargajiya ke cuɗa ciyawa cikin ƙasar gini don kada bango ya tsage. Zaruruwan sun yi sirantar da tsaga ba ta samun inda za ta fara. A shekarar 2022 waɗansu masana na wannan jami'a suka sanar cewa sun samar da makamancinsa a ɗakin gwaji, da fatan wata rana ya maye gurbin roba a waɗansu kayayyaki.

Abokan gaba da haihuwa

Duk da wannan shiri, masu cin ta suna da yawa. Akwai wani tsuntsun gaɓa baƙi da fari mai dogon jan baki, wanda ya iya dabarar bugu ɗaya daga gefe kamar yadda mutane suka iya. Ƙaguwa kan fasa gefen ƙoƙon. Akwai kuma tauraron teku, wata halitta mai hannuwa biyar da ke rarrafe a kan duwatsu. Idan shi ne ya tunkaro ta, limfet kan miƙe ta ɗaga ƙoƙonta sama kamar lema, sannan ta sako shi da ƙarfi a kan hannunsa har ya ja da baya.

Haihuwarta kuwa a cikin ruwa take faruwa. Daga kaka zuwa farkon hunturu, idan iska ta taso teku ya hargitse, maza da mata sukan saki maniyyi da ƙwai cikin ruwa, a can su haɗu. 'Ya'yan kan yi kwanaki suna yawo da igiyar ruwa, ido ba ya ganinsu, kafin waɗanda suka tsira su sauka a ƙananan kududdufai da tsagogin dutse masu danshi. Yawancinsu da namiji suke fara balaga, bayan shekara biyu ko uku kuma waɗansu su rikiɗe su koma mata. Saboda haka manya-manyan da ake gani a kan dutse galibi mata ne, kuma babbar mace ta fi ƙarama yawan ƙwai ƙwarai. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Wadda ta sami abinci a yalwace takan girma da sauri ta mutu cikin 'yan shekaru, wadda ke kan busasshen dutse kuwa takan girma a hankali ta kai shekara 15 ko fiye.

Manoma a cikinsu

Waɗansu daga danginta sun wuce kiwo sun shiga noma. A gaɓar Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi yawan nau'o'in limfet a duniya, akwai wadda ke zaune a tsakiyar wani ɗan zagaye na jar ciyawar teku. Ba ta cinye shi har saiwa, saman kawai take yankewa, kuma abin da jikinta ke fitarwa shi ne takin gonar. Wata kuma tana renon wata gansakuka mai ruwan ƙasa, tana nome duk wani tsiron da ya shigo, tana korar duk wata limfet da ta zo kiwo.

A Kalifoniya ta Amurka akwai wata babba da ke riƙe da fili kamar faɗin babban faifai. Duk abin da ya shigo mata, sai ta sa gefen ƙoƙonta ta yi ta tura shi har ya fita daga iyakar, ko ya faɗa ruwa.

Garin gyaran gira

Tun a shekarun 1940 masana suka fara gane nauyin da ke kan wannan halitta. A Port St Mary da ke tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, sun ware wani dogon yanki na gaɓa suka cire limfet ɗin da ke kansa. Cikin 'yan watanni koriyar gansakuka ta rufe wurin, daga baya doguwar ciyawar teku mai ruwan ƙasa ta mamaye shi, alhali dama da hagu, inda ba a taɓa ba, dutsen na nan fes. Wato tsabtar dutsen aikin masu kiwo ce.

Abin da aka gwada a ɗan fili, shi ya auku a gaɓa mai tsawo bayan kimanin shekara ashirin. Ranar 18 ga Maris, 1967, jirgin dakon mai Torrey Canyon, ɗauke da kimanin tan 119,000 na ɗanyen mai daga Kuwaiti, ya yi karo da duwatsun ƙarƙashin ruwa tsakanin Cornwall da tsibiran Scilly. Man ya malala har gaɓar Faransa, dubban tsuntsayen teku suka mutu. Lokacin zuwan masu yawon shaƙatawa ya gabato, hukumomi kuma suna son a ga gaɓa ta yi tsaf. Jiragen yaƙi suka yi wa gawar jirgin ruwan bama-bamai don ƙone sauran man, aka kuma fesa kimanin tan 10,000 na sinadaran wanke mai a teku da bakin gaɓa.

Sinadaran sun fi man kansa guba ga ƙananan halittu. Limfet suka saki duwatsu suka zube. Alan Southward da matarsa Eve, masana a cibiyar nazarin halittun teku da ke Plymouth, sun yi shekaru suna bibiyar abin da ya biyo baya. Da farko gaɓar ta koma kore shar da gansakuka. Sannan ciyawa mai ruwan ƙasa ta yi duhu a kanta, ta danne ƙananan halittun da ke buƙatar buɗaɗɗen dutse. A ƙarƙashin inuwar ciyawar sababbin 'ya'yan limfet suka tsira da yawan da ya wuce kima, suka girma suka cinye ta ƙarƙaf, sannan yunwa ta kashe da yawa daga cikinsu, dutsen ya koma ƙwal fiye da yadda yake tun farko. Haka gaɓar ta yi ta tangal-tangal tsakanin yawan ciyawa da yawan masu cinta. A wuraren da aka fi yi wa feshi, sai da aka yi shekara 10 zuwa 15 kafin al'amura su daidaita. A wani wuri mai suna Godrevy kuwa, inda mai ya taɓa amma ba a yi feshi ba, shekara biyu zuwa uku suka wadatar. An ma ga limfet ɗin da suka tsira suna kankare busasshen man daga jikin dutse a yayin kiwonsu. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Bayan wannan, Birtaniya ta tsaurara ƙa'idar amincewa da irin waɗannan sinadarai, kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka riƙa yi musu kafin a ba da izini a kan limfet ake yin sa. Ga ƙasa mai arzikin mai irin Najeriya wannan ba labarin nesa ba ne. Gaɓar Neja Delta laka ce da dazukan bakin ruwa, halittunta dabam ne da na Cornwall, amma tsawon lokacin farfaɗowa darasi ɗaya ne. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ƙiyasta cewa gyaran muhallin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Abin da Cornwall ta ƙara a kai shi ne, ba a auna nasarar wanke gaɓa da yadda ta yi kyau a ido, sai da dawowar ƙananan halittun da ke riƙe da ita.

Daga dutse zuwa tukunya

Guba ba ita kaɗai ke raba dutse da limfet ba, akwai kuma cikin ɗan Adam. A tsibirin Oronsay na Sikotland akwai tsibin ƙoƙuna da mutane suka ci suka zubar kimanin shekara 6,000 da suka wuce, mafi yawansu na limfet. A lokacin babbar yunwar Ayalan da ta fara a 1845, mazauna gaɓa sun dogara da ita don tsira da rai. A yau kuwa abincin marmari ce a tsibiran Madeira da Azores na Fotugal, inda ake gasa ta da man shanu da tafarnuwa. A Hawai tana da tsada, har ana yi mata laƙabi da kifin ajali saboda yawan masu cirar ta da igiyar ruwa ke ɗaukewa.

Matsalar ita ce mai cira babba yake nema, babbar kuwa, kamar yadda muka gani, galibi ita ce uwa. A Kalifoniya an auna an ga cewa a wuraren da jama'a ke shiga cikin sauƙi limfet ɗin sun fi ƙanƙanta a kan na wuraren da aka killace. A Bahar Rum wani babban nau'i mai suna Patella ferruginea ya ɓace daga mafi yawan gaɓoɓin da aka san shi da su, sai 'yan wurare a tsibiran Kosika da Sadiniya da gaɓar Arewacin Afirka, kuma yanzu doka ta hana taɓa shi. Madeira ta kafa lokacin hana cira a watannin haihuwa, tare da hana ɗaukar wadda ba ta kai santimita 4 ba. Duk ɗan kasuwa ya san wanda ya ci uwar kuɗi ya daina jiran riba.

A gaɓar Afirka ta Yamma

Gaɓar Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 850, kusan duk yashi ce da laka, don haka limfet ba ta da mazauni da yawa a cikinta. Inda ake dacewa da danginta shi ne kan manyan duwatsun da aka jibge a bakin mashigin tashar jiragen ruwa ta Legas tun farkon ƙarni na 20 don tare yashi da igiyar ruwa. A Gana kuwa, wajen Cape Coast da Elmina da Takoradi, da kuma Dakar ta Senegal, akwai duwatsu na asali da suke zaune a kai. Da yawa daga cikin na wannan yanki wani dangi ne dabam mai suna Siphonaria, wanda ya fi kusa da dodon koɗin tudu, har yana iya shaƙar iska. Asalinsu ba ɗaya ba ne da na Turai, amma da yake wahalar wurin ɗaya ce, sun tashi da ƙoƙo iri ɗaya da ɗabi'ar komawa gurbi iri ɗaya.

Saboda haka duk wanda fatauci ko aikin ofis ya kai shi ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, ya kuma sami sarari ya leƙa bakin teku lokacin da ruwa ya janye, ya sunkuya ya duba jikin dutse. Zai ga 'yan malafun a kife, zai ga zagayen tabon waɗanda suka shuɗe, wani lokaci har da sawun haƙora a karkace a kan gansakuka. Ya kalla da ido ya bar su a inda suke, domin wadda aka ɓamɓare da ƙarfi sau da yawa ba ta sake kamawa. Dutsen da ya gani fes ɗin nan kuwa, an yi kiwo a kansa daren jiya, kuma idan teku ya ciko za a sake fita.